Shagonka na nan a Agege, amma a wayar mai nema babu shi

Mutanenmu da ke kasuwanci a Legas, tun daga masu tumatir da albasa na Mile 12 har telolin Agege da Idi-Araba da masu raguna na Alaba Rago, hanya ɗaya suka sani ta samun kwastoma, wani ya saya ya ji daɗi ya kawo wani. Hanyar nan bata mutu ba kuma ba za ta mutu ba. Sai dai akwai wani irin kwastoma da bata kamawa, wato wanda bai san kowa a cikinmu ba. Bayerabiya ce a Ogba za ta yi biki tana neman kilishi mai yawa, ko yaro ne ma'aikacin banki sabon tarewa a Ikeja yana son a ɗinka masa kaftani kafin Asabar. Irin waɗannan basa tsayawa tambayar mai gadi, waya suke ɗaukowa su rubuta "kilishi near me" ko "kaftan tailor Agege", sai taswira ta buɗe da shaguna uku a sama, kowanne da taurarinsa, wato makin da kwastomomi suka ba shi, da lambar waya da maɓallin nuna hanya. Wanda ya shiga ukun nan shi ake kira. Kai kuma da ka fi su iya ɗinki nesa ba kusa ba, ko sunanka bai gani ba, don a wurin wayar nan babu kai a duniya.

Toh abun tambaya, ta yaya ake zaɓen ukun nan. Mutane da yawa sun ɗauka kuɗi ake biya, wasu kuma sun ɗauka sai kana da wani babban shafin intanet. Google da bakinsa ya faɗi abun da yake dubawa, abu uku ne: yadda sana'arka ta dace da abun da mutum ya rubuta, da nisan da ke tsakaninka da shi, da kuma yadda aka sanka. Kuma ya faɗa ƙarara cewa babu hanyar biyan kuɗi a ɗaga ka a wannan jerin. Talla daban ce, ita ana biya kuma ana rubuta mata alama a kai cewa talla ce. Ni yadda na fahimci abun, Google kamar dillali ne da ke tsoron jin kunya, baya son ya tura mutum wurin da zai je ya tarar a kulle ko ya tarar ba abun da ake sayarwa kenan ba, saboda haka duk wanda ya fi gamsar da shi cewa yana nan da gaske, a wurin da ya ce, yana sayar da abun da ya ce, a lokacin da ya ce, shi yake turawa mutane. Duk sauran bayanin daga nan ya fito.

Ƙofar shiga ita ce Google Business Profile, wato shafin bayanan shagonka da ke fitowa a taswirar Google, wanda a da ake kira Google My Business kafin a canza masa suna a 2021. Kyauta ne, imel ɗin Gmail kawai ake buƙata. Amma tun a nan mutanenmu ke fara tafka kuskuren da ya fi kowanne ciwo daga baya. Alhaji bai iya latse-latse ba, sai ya ce wa yaron shago ko wani mai gyaran waya a buɗe masa, yaro ya buɗe da nasa imel ɗin. Bayan shekara biyu an saɓa, ko yaro ya koma gida Sakkwato ya yi aure, ko wayarsa ta faɗi a danfo ya manta faswod, shikenan shafin shagonka da duk taurarin da ka tara suna hannun wani. Akwai hanyar neman a mayar maka, amma wahala ce da jira. Tun farko a buɗe da imel ɗin mai shago da lambar mai shago, shi yaron a saka shi a matsayin manaja, tsarin ya yarda da haka, yana iya saka hotuna ya amsa mutane amma ba zai tafi da shagon ba. Kuma kafin ka buɗe sabo fara bincika sunan shagonka a Google Maps, sau da yawa wani kwastoma ya riga ya saka shi ba ka sani ba, sai ka karɓi wancan maimakon a samu biyu suna cin karo da juna.

Sai tantancewa. A da wasiƙa suke aikowa ta gidan waya da lamba a ciki, wanda duk mai zama a Legas ya san yadda wannan ke ƙarewa. Yanzu galibi bidiyo suke nema, a ɗauka a tashi ɗaya ba yankewa, ka nuna titi da abun da ke kusa, ka nuna allon sunan shago, ka shiga ciki ka nuna kaya, ka nuna wani abu da ke tabbatar da kai ne mai wurin, kamar buɗe kwaɗo da makulli ko na'urar POS ko takardun shago. A nan ne mutum zai gane amfanin allon suna. Mu da yawa shagunanmu basu da suna ko kaɗan, "wurin Malam mai shadda" kawai ake cewa, kuma unguwa duk an sani. Google bai san Malam ba. Kuɗin da za ka ba mai fenti ya rubuta suna da lambar waya a saman ƙofa ya fi duk wani kuɗi da za ka ba masu cewa sun iya intanet amfani. In ka yi rajistar sunan a CAC, hukumar yi wa kamfanoni da sunayen kasuwanci rajista, ma ya fi, don ranar da aka dakatar da shafin aka ce kawo hujja kana da abun nunawa.

Yanzu maganar nisa, wadda ita ce ta fi ɗaure kai a garin nan. Nisa ba abun da za ka iya canzawa ba ne, in kana Agege kana Agege, wanda ke zaune a Lekki ya nemi suya ba kai za a nuna masa ba ko da taurarinka sun kai nawa, kuma gaskiya ko an nuna masa ba zai haye gadar Third Mainland cikin gosulo saboda tsire ba. Saboda haka duk wanda ya ce zai sa ka zama na ɗaya a duk Legas ƙarya yake, babu wani na ɗaya a duk Legas, abun da mutum ke gani a Pen Cinema daban da abun da wani ke gani a Oshodi ko da kalma ɗaya suka rubuta. Gasar da kake yi da maƙwabtanka ce, mutanen da ke cikin 'yan kilomitoci kaɗan da kai. Wannan kuma labari ne mai daɗi in ka lura, don yawancin maƙwabtan naka basu yi komai ba tukun.

Abun da ke hannunka a maganar nisa shi ne jan ɗigon nan da ke nuna wurinka a taswira. A Legas ɗigon nan ya fi adireshi muhimmanci, wallahi ya fi. Ai mun san yadda ake kwatance a nan, ba wanda ke cewa lamba kaza titi kaza, cewa ake ka sauka a bastop kaza, ka bi layin da ke bayan masallaci, ka wuce mai POS na biyu. Lambobin gidaje a wasu layukan basa bin juna, titi ɗaya na iya samun suna biyu, na gwamnati da wanda 'yan unguwa ke kira, ga kuma sunan titi guda da za ka samu a unguwanni uku daban-daban. In ka rubuta adireshi kawai ka bar Google ya yi hasashe, sai ya ajiye ka a tsakiyar titi ko a ɗaya ɓangaren layin dogo, kuma duk wanda ya san Agege ya san tsallaken layin dogo ba ƙaramin abu ba ne ga mai mota, tafiyar minti biyu a ƙafa tana iya zama zagaye mai tsawo. Mutum ya zo ya yi ta juyi bai ganka ba, ya yi fushi ya tafi, wataƙila ma ya rubuta cewa babu shagon. Ka tsaya a bakin ƙofarka da waya, ka juya taswirar zuwa hoton sama yadda za ka ga rufin gine-gine, ka ja ɗigon da yatsa ka ɗora shi daidai kan rufinka. Masu rumfa a cikin babbar kasuwa irin Mile 12 ko Balogun su ƙara da lambar layi da lambar rumfa da ƙofar da ta fi kusa. Akwai kuma Plus Code, 'yar gajeriyar lamba mai haruffa da Google ke ba kowane wuri a doron ƙasa ko da bashi da adireshi, ka kwafe taka ka ajiye a WhatsApp kana turawa. Masu kai saƙo a babur da direbobin Bolt da Uber duk da taswira suke aiki, in ɗigonka ya yi daidai ka huta da kiran nan na "oga ina kake, na iso ban ganka ba" sau biyar kafin a ɗauki kaya ɗaya.

Dacewa kuma, wato yadda Google zai gane me kake sayarwa. Babban abu a nan shi ne rukunin sana'a da ka zaɓa a matsayin na farko. Jerin nasu ne, ba kai ke ƙirƙira ba, kuma ba don mu aka tsara shi ba, sai ka nemi wanda ya fi kusa da abun da ka fi samun kuɗi da shi. Tela ya zaɓi tela, kar ya zaɓi shagon tufafi don yana rataye 'yan riguna biyu a ƙofa. Ana iya ƙara wasu rukunan a ƙasa amma kar a cika, mai sayar da shadda da ya saka kansa a tela da mai wanki da mai kayan kwalliya duk ya rikita abun. Sannan a wurin bayani da jerin kaya ka rubuta da yaren mai nema. Wannan yana yi wa wasu zafi amma gaskiya ce, Bahaushe ɗan'uwanka ba a Google yake nemanka ba, a masallaci ya sanka. Wanda ke nema a waya da Turanci yake rubutawa, kuma da irin sunan da 'yan Legas ke kiran abun, mai neman babbar riga "agbada" zai rubuta, mai neman ragon layya "ram for Ileya" ko "Sallah ram" zai rubuta. Ka rubuta da Turanci mai sauƙi, in kana so ka ƙara layi ɗaya da Hausa ba laifi. Suya da kilishi da zobo da fura kam sun riga sun shiga bakin kowa, a bar su yadda suke.

Akwai wata dabara da za ka ga wasu na yi, su cusa kalmomi a cikin sunan shago, ya zama wani dogon abu mai ɗauke da suya da kilishi da Agege da Ikeja da Lagos duk a suna ɗaya. Ba zan ce bata taɓa aiki ba, tana ɗaga mutum na ɗan lokaci. Amma ta saɓa ƙa'idarsu, ƙa'idar ita ce sunan da ke kan allonka shi ne sunanka, kuma kowa na iya kai ƙara har da abokin gasarka, in aka dakatar da shafin ka ɓace gaba ɗaya har sai ka ɗaukaka ƙara an duba. Ga wanda abincinsa ya fara dogara da kiran da ke shigowa ta nan, kasadar bata kai ba.

Na ukun, yadda aka sanka, a nan ne maganar taurari da abun da mutane ke rubutawa a kanka ta shigo, kuma a nan ne nake ganin mutanenmu suka fi kowa dama amma suka fi kowa sakaci. Mai nama a Oko-Oba yana da matan da suka shekara goma a hannunsa suke saye, sun yarda da shi har bashi yake basu, amma ko ɗaya bata taɓa rubuta komai a kansa ba saboda bai taɓa tambaya ba, kunya yake ji, gani yake kamar roƙo ne. Ba roƙo ba ne Alhaji. Shafin yana ba ka wani link na musamman da in an danna kai tsaye yake kai mutum wurin saka taurari, ka ajiye shi a waya, duk wanda ya karɓi kaya ya ce ya ji daɗi a lokacin nan da zafinsa ka tura masa ta WhatsApp ka ce madam ki taimaka ki rubuta mana layi biyu. Ba kowa zai yi ba, amma ko biyu ne a sati, kafin shekara ka wuce duk layinku. Kuma wanda ya rubuta cewa kilishin ya yi daɗi an kawo masa har Ogba a kan lokaci ya fi wanda ya danna taurari biyar ya wuce, don mai karantawa yana ganin kansa a ciki.

Abun da ba a yi shi ne saye. Akwai masu yawo a WhatsApp da Facebook suna tallar riviyu, wato taurari da rubutun yabo, hamsin kuɗi kaza. Akawun-akawun ne na bogi, rana ɗaya su zubo maka yabo da Turanci iri ɗaya, wasu ma daga wata ƙasa, na'urorin Google suna share irin waɗannan kuma suna iya hukunta shafin. Haka ba wa mutum ragi ko kyauta don ya rubuta, shi ma sun hana. Haka tara 'yan gidanku da yaran shago su rubuta. Ban da ma dokarsu, ai shaidar zur ce, mutum ya ce ya ci abun da bai ci ba don a ja wani ya kashe kuɗinsa, mu da muke sallah biyar bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Wata rana kuma wani zai zo ya ba ka tauraro ɗaya ya zazzaga maka, wataƙila da gaskiyarsa wataƙila babu. Ba za ka iya gogewa ba, sai dai in zagi ne ko ƙarya ce bayyananna ka kai ƙara su duba. Abun da za ka iya shi ne amsa, kuma amsar ba don shi ba ce, don mutum ɗari ne da za su karanta daga baya. In ka amsa da zafi, ka ce ai kai ma baka cika kuɗin ba, kai ka faɗi. In ka ce ka yi haƙuri, ɗinkin ya makara saboda rububin Sallah, ka kira mu mu gyara, mai karantawa zai ga mutum ne mai hankali. Ni kam na fi yarda da shago mai ɗan ƙorafi ɗaya biyu da aka amsa da mutunci a kan wanda duk yabo ne tas babu ko tabo.

Lokutan buɗewa mutane na raina su, su danna ƙarfe 8 zuwa 6 kullum su wuce. Alhali ranar Juma'a ka kulle tun ɗaya saura ka tafi masallaci, ranar Alhamis da safe kasuwannin Legas na tsaftar muhalli ba a buɗewa sai wajen ƙarfe 10, mai suya kuma sai la'asar sakaliya yake hura wuta ya kai tsakar dare. Tsarin ya yarda ka raba rana gida biyu, ka buɗe ka rufe ka sake buɗewa, ya kuma yarda ka saka lokuta na musamman na ranakun hutu. In za ka tafi gida Sallah na sati biyu ka nuna an rufe na ɗan lokaci, da azumi in lokacinka ya canza ka gyara. Dalili shi ne mutane na tace bincike su ce a nuna musu waɗanda ke buɗe yanzu kawai, sannan duk wanda ya sha gosulo ya zo ya tarar da kwaɗo ba zai sake dawowa ba. Kuma kowane mai amfani da taswirar na iya ba da shawarar gyara a shafinka, har ya ce shagon ya rufe gaba ɗaya, in ba ka leƙawa sai a canza baka sani ba. Lambar waya ma haka, a saka wadda ake ɗagawa, wadda ke hannun mai jin Turanci ko Pidgin ko ɗan Yarbanci, kuma ta zama ita ce dai a allon shago da Facebook da Instagram da shafin saye da sayarwa na Jiji, kar ko'ina da tasa.

Hotuna ba sai na ja magana ba. Na waje da ke nuna ƙofa da abun da ke gefenta don a gane wurin, na kaya na gaskiya da wayarka da rana, ba wanda aka kwaso daga intanet ba.

Matanmu masu sana'a a cikin gida, masu lalle da turaren wuta da humra da girkin biki, nasu da ɗan bambanci kuma ya kamata a kula. Ba dole ba ne ki bayyana adireshin gidanki duniya ta gani, kuma ni ban ba da shawarar haka ba. In ke ce ke zuwa wurin kwastoma ko kike kai musu kaya, akwai zaɓin ɓoye adireshi a nuna unguwannin da kike zuwa kawai, ana iya saka har 20, ki ce Agege, Ogba, Ikeja, Iyana-Ipaja, iya inda da gaske za ki iya kaiwa. Wadda kuma sana'arta duk a intanet take, bata haɗuwa da kowa, ƙa'idar shafin bata karɓe ta ba, ita Instagram da TikTok da kundin kaya na WhatsApp Business sun fi mata.

Shafin intanet na kanka yana taimakawa, amma ga ƙaramin shago ba shi ne farko ba, kar wani ya karɓe maka kuɗi masu yawa a kansa alhali ko ɗigonka bai zauna daidai ba. Google ma a da yana ba da ɗan shafi kyauta tare da profayil ɗin, ya rufe su a 2024, saboda haka in tsohon link ɗin ne har yanzu a katinka ya mutu. A kuma yi hattara da masu kira su ce daga Google suke, za a rufe shafinka in baka biya ba, ko ka karanto musu lambar da aka turo maka. Ba a biyan ko kwabo don shafin ya zauna, lambar nan kuma duk wanda ka ba ka ba shi shagon.

Ba kowa ne ma ke buƙatar wannan duka ba, a faɗi gaskiya. Mai shayi a bakin tasha da mai gyaran takalmi da ke yawo, masu wucewa ne kasuwarsu. Dilan da ke saukar da tirelar albasa yana da mutanensa tun kafin mota ta baro Arewa. Wanda abun ya fi yi wa amfani shi ne mai sana'ar da baƙo ke nema lokaci-lokaci kuma yake son ya tabbatar kafin ya taso, tela, mai suya da kilishi, mai raguna gab da layya, mai shadda da yadi, mai gyaran waya, mai kafet da labule, mai lalle. In kana cikinsu, bayan wata biyu ko uku ka buɗe wurin da shafin ke nuna ƙididdiga, za ka ga mutum nawa suka danna kira, nawa suka nemi hanya, da kalmomin da suka rubuta har suka same ka, daga nan za ka san abun da za ka ƙara a jerin kayanka. In kuma tashi ya kama, wanda a Legas ba abun mamaki ba ne, yau notis gobe rusau, mutanen Alaba Rago sun gani, 'yan Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, ma an daɗe ana maganar mayar da su Katangowa, to kar ka buɗe sabon shafi a sabon wuri. Ka shiga tsohon ka canza adireshi ka ja ɗigon zuwa inda ka koma, wataƙila su sake neman bidiyo, amma taurarinka da duk abun da mutane suka rubuta za su biyo ka.